Amsa ga mai tambaya kan dalilin da ya sa kamfani ke dakatar da sayar da wasansa a intanet

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce ka je sayen wani wasa da ake bugawa ta intanet sai ka tarar kamfanin ya dakatar da sayarwa na ɗan lokaci, kuma abin ya ɗaure maka kai, tunda abin da ake saukewa a kwamfuta ba ya ƙarewa kamar faifai a kan kanta. Na yi shekaru ina aikin kula da sabar, wato manyan kwamfutocin da wasa ke zaune a kansu, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Gaskiyarka ne cewa kwafin wasan ba ya ƙarewa. Amma a wasan intanet, abin da kake biya wa kuɗi a zahiri shi ne gurbi a cikin sabar, kuma gurbin yana da iyaka. Kowace duniyar wasa, wato sabar da 'yan wasa ke haɗuwa a cikinta, tana da adadin mutanen da za ta iya ɗauka a lokaci guda, sannan akwai wata sabar ta daban a bakin ƙofa wadda aikinta shi ne tantance sunanka da kalmar sirrinka, ta riƙe ka a layi har gurbi ya samu. Ita wannan ta bakin ƙofar ce ta fi saurin durƙushewa, domin duk wanda aka fitar daga layi nan take zai sake gwadawa, sai nauyin ya ninka. A wani ƙaramin kamfani da na taɓa yi wa aiki, mun kwana muna kallon hakan bayan fitar da sabon babi, wato sabon sashe da aka ƙara wa wasan: masu talla suna murna da ciniki, mu kuma muna roƙon a rufe sayarwa. Ba a saurare mu da wuri ba, kuma cikin kwanaki kaɗan kuɗin da aka mayar wa masu fushi ya cinye kaso mai tsoka na wannan cinikin.

Misalin da aka fi sani shi ne na Final Fantasy XIV, na kamfanin Square Enix na Japan, wanda sau biyu yana yin haka. A watan Agustan 2013, da aka sake ƙaddamar da wasan da sunan A Realm Reborn, cunkoso ya sa aka tsayar da sayar da kwafin intanet har aka ƙara sabar. A watan Disambar 2021 kuma, bayan fitowar babin Endwalker, mutane sun riƙa shafe sa'o'i a layi, wasu ma sai sun kusa shiga layin ya yanke musu. Kamfanin ya dakatar da sayar da wasan ga sababbin masu saye, ya rufe rajistar gwaji na kyauta, ya tsayar da talla, sannan shugaban aikin, Naoki Yoshida, ya fito ya ba da haƙuri, aka kuma ba masu biyan kuɗin wata kwana 21 kyauta. Ba a dawo da sayarwa ba sai ranar 25 ga Janairun 2022, ranar da aka buɗe sabuwar cibiyar sabar a Ostireliya.

Za ka iya cewa me ya hana su sayo ƙarin kwamfutoci kawai. A lokacin duniya na fama da ƙarancin ƙananan guntayen lantarki da ake haɗa kwamfuta da su, kuma dokokin korona sun hana injiniyoyi tafiya ƙasashen da cibiyoyin suke, don haka ko da kuɗi a hannu sai an jira watanni. Ko ba wannan ba, tsohon wasa da aka gina shi a kan takamaiman irin na'ura ba ya komawa sabar haya a dare ɗaya. Akwai kuma lissafin da ba a cika faɗa a fili ba: cunkoson fitowar sabon babi yakan lafa bayan 'yan makonni, kuma babu kamfanin da ke son ya sayi na'urori masu tsada da za su zauna babu aiki har shekara ta zagayo. A ganina, a irin wannan hali dakatar da sayarwa shi ne matakin da ya fi mutunci, domin wanda ya daɗe yana biyan kuɗin wata shi ne ke riƙe da wasan, shi kuma sabon mai saye da ya biya bai samu shiga ba, kuɗinsa zai nema, ya bar mummunan sharhi. A shagon Steam da ke sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, alal misali, ana mayar da kuɗi cikin kwana 14 matuƙar ba a wuce sa'a biyu ana wasan ba.

Ba kullum ne cunkoso ke jawo hakan ba. Wani lokaci wasan ne ya fito da matsala. A watan Yunin 2015 Warner Bros ya janye Batman: Arkham Knight na kwamfuta saboda yadda yake sarƙewa, bai dawo da shi ba sai a watan Oktoba. Cyberpunk 2077 kuwa mai shagon ne ya cire shi, domin Sony ya sauke shi daga PlayStation Store a Disambar 2020, ya koma a Yunin 2021. Akwai kuma batun lasisi, wanda mutane kan manta da shi: an cire Alan Wake daga kasuwa a 2017 saboda wa'adin izinin waƙoƙin cikinsa ya ƙare, ya dawo a 2018 bayan an sabunta yarjejeniya. Dokar wata ƙasa ko takunkumi ma kan sa a rufe sayarwa a wannan ƙasar kaɗai.

Abin da ya kamata ka duba yanzu shi ne sanarwar kamfanin da kanta. Idan waɗanda suka riga suka saya suna ci gaba da wasa, ana ba su kwanakin kyauta, ana kuma maganar ƙarin sabar, to wasan ne ya cika, kuma zai dawo kasuwa. Idan kuwa an ce za a kashe sabar a mayar wa kowa kuɗinsa, to a nan ne ake jin tsoro. Haka ta faru da Concord na Sony a 2024, wanda aka rufe mako biyu bayan fitowarsa, daga baya kuma aka tabbatar ba zai dawo ba.

Kafin nan ina ba ka shawara kada ka sayi lambar shiga, wato lambar da ke buɗe maka wasan, daga 'yan kayi-nayi da kan tsawwala farashi a irin wannan lokaci, domin lambar na iya zama ta wani yankin da ba naka ba, ko kuma wadda aka saya da katin sata, a soke ta bayan ka biya. Idan ka faɗa mana sunan wasan da na'urar da kake amfani da ita, zan duba sanarwar tasu in gaya maka wanne ne daga cikin waɗannan.