Amsa ga ɗana a kan Mamman uku na gidanmu

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, saƙonka ya iso, ƙanwarka kuma ta karanta mini shi sau biyu bayan sallar isha'i. Ka ce ka ga sunan Mamman haɗe da sunan garinmu a jerin sojojin zamanin Turawa da ke intanet, kana tambaya ko namu ne, kana kuma son sanin dalilin da ya sa muke ta maimaita suna ɗaya a gida har ba a gane wanda ake nufi. Da farko na yi murmushi, amma daga baya abin ya tsaya mini a rai, domin masu wannan suna da suka sa kaki a gidanmu su uku ne, ga shi kuma kana neman ka mayar da su mutum ɗaya.

Ina ɗan shekara goma sha biyu, zamanin Sardauna, da kaka ana cikin cirar gyaɗa, wani ma'aikaci ya zo ƙofar dagaci da ƙaton littafi domin tantance 'yan mazan jiya. Aka shimfiɗa tabarmi a gindin durumi, mu yara muka yi cirko-cirko a bayan danga. Da ya kira Mamman sai mutum biyu suka miƙe: kakana, dogare da sandarsa, da ɗan ƙanensa wanda aka yi masa takwara da shi, wanda muke kira Baba Soja. Ma'aikacin ya dube su, ya ce kowa ya faɗi lambarsa. Baba Soja, mutumin da bai taɓa zama a aji ba, ya haɗa dugadugansa, ya miƙe ƙyam, ya zayyano lambar da Turanci ba tare da ya numfasa ba. Kakana bai ce komai ba, sai ya sa hannu a aljihu ya kwance wani ƙullin tsumma, ya miƙa mindarsa, aka juya gefenta aka karanta sunansa da lambarsa a buge jikin ƙarfen. Shi ya je yaƙin Kamaru da Jamusawa, wanda aka yi daga 1914 zuwa 1916. Baba Soja kuwa Bama ya je, inda runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka gwabza da Japanawa har 1945, kuma har ya rasu bai daina zancen kogin Kaladan da ruwan saman da ba ya ɗaukewa ba. Mindodin yaƙin duniya na biyu masu siffar tauraro yawanci ba a buga musu suna, shi ya sa ya riƙe lambarsa a ka. Na ukun shi ne wana, wanda ya shiga soja a 1967 da aka fara yaƙin basasa.

Mahaifina yakan ce suna linzami ne, kuma duk gidan da ya bar sunan dattijonsa ya mutu ya binne shi sau biyu. Saboda haka ake mayar da sunan, sannan a sakaya shi da Abba ko Baffa ko Babangida, tunda matan gida ba za su iya kiran sunan suruki ko na miji gatsau ba. A cikin gida ba a taɓa ruɗewa, domin kowa da laƙabinsa. Ruɗanin a littafin Bature yake, saboda sau da yawa magatakardan bariki ba ya rubuta sunan uba, sai ya liƙa wa mutum sunan garinsu, kuma Mamman nawa ne suka fita daga ƙasar nan? Kama da wane ba wane ba ne. Ka duba shekarar da ke jikin abin da ka gani, da lamba, da bataliya, kafin ka ce namu ne. Ka kuma lura ko jerin na waɗanda suka rasu a fagen daga ne, irin sunayen da ke jikin bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Rangun a Bama, domin namu ukun duk a gida aka yi musu sutura.

Abin da ke damuna shi ne kun fi yarda da waya a kan mutanen da ke da rai. Mu ma muna da laifi, domin takardar sallamar Baba Soja tana cikin akwatin ƙarfe a ɗakinsa har gara ta cinye ta, babu wanda ya kwafi lambar a cikinmu. Mindar kakana dai tana wajen Goggo, a cikin kwallarta. Ka zo da babbar Sallah ka zauna da ita. Kada ka nemi ta ambaci sunan, ba za ta faɗa ba. Ka tambaye ta wanda ya tafi kafin a haife ta, da wanda ya dawo tana goyon ɗanta na fari, ka kuma zo da takarda da alƙalami.