Tambaya da Amsa: Yaya zan ɗauki sautin saitin ganguna da makirufo masu araha?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin situdiyo a Kaduna, kuma wata ƙungiyar makaɗa ta nemi in ɗaukar mata waƙa da saitin gangunan zamani, ba da kiɗan kwamfuta ba. Na ga akwati mai makirufo bakwai na ganguna a kasuwa a kan farashi mai sauƙi, amma na'urata ta shigar da sauti cikin kwamfuta kafa huɗu kawai gare ta. Shin in sayi akwatin in sake na'ura, ko akwai wata hanya? Daga wani mai karatu, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, shawarata ita ce kada ka sayi akwatin nan, kuma kada ka sake na'urarka, domin kafa huɗu sun ishe ka aikin da ba za ka ji kunyar fitar da shi ba. Kuɗin da za ka raba wa makirufo bakwai marasa ƙarko, gara ka tattara shi a kan huɗu masu dama-dama.

Hanyar da nake so ka bi ana danganta ta da Glyn Johns, injiniyan sauti ɗan Ingila wanda ya yi aiki da ƙungiyoyin makaɗa na Rolling Stones da The Who, kuma shi ya ɗauki kundin waƙoƙi na farko na ƙungiyar Led Zeppelin da ya fito a 1969. Za ka nemi makirufo biyu iri ɗaya na kondensa, wato masu saurin ɗauko sauti ko da ƙanƙane ne, irin sirara ɗin nan, kamar Behringer C-2 ko Samson C02 da ake sayarwa bibbiyu. Na farko ka rataya shi a sama, kimanin mita ɗaya daga tsakiyar ƙaramar gangar nan mai wayoyi a gindinta, yana kallon ƙasa. Na biyu ka kafa shi a gefen makaɗi, ɗan sama da gangar da ke tsaye da ƙafafunta a ƙasa, yana kallon ƙaramar gangar ta saman sauran gangunan. Waɗannan biyun su ne za su ɗauko saitin gaba ɗaya, har da faifayen ƙarfe, amma ka tuna suna buƙatar wutar bolt 48 daga na'urarka.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne awo. Dole nisan kowannensu daga tsakiyar ƙaramar gangar ya zama daidai, kuma igiya ma ta isa wannan aiki: ka danne bakinta a tsakiyar fatar da yatsa, ka miƙa ta zuwa makirufo na sama, ka riƙe wurin, sannan ka juya da ita zuwa na gefe. Dalili kuwa shi ne sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, saboda haka bambancin santimita 34 kacal yana sa bugu ɗaya ya isa makirufo ɗaya kafin ɗayan da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan aka haɗa sautukan biyu, sai wani sashe ya kashe wani, ka ji gangar ta rame ta koma kamar ana buga gwangwani. Mutane da yawa a nan suke ɗora wa makirufo laifin araha, alhali awon ne bai yi ba.

Kafa biyu da suka rage, ɗaya ta babbar gangar ƙafa ce, ɗaya ta ƙaramar gangar. Ga ƙaramar, makirufon Shure SM57, wanda ya fito tun 1965, har yau shi ake amfani da shi a manyan situdiyoyin duniya duk da sauƙin kuɗinsa; ka sa shi yatsu biyu ko uku sama da bakin gangar, yana kallon tsakiya, bayansa kuma yana fuskantar faifayen nan biyu da ake takawa da ƙafa. Sai dai jabunsa ya yi yawa a kasuwa, don haka ka saya a wurin wanda ka amince da shi. Ga gangar ƙafa, duk makirufo na dainamik, wato wanda ba ya buƙatar wutar nan ta bolt 48, mai jure ƙara zai yi, a sa shi a bakin ramin fatar gaba.

Ɗakin da kansa yana da nasa tasiri, musamman irin namu masu bangon siminti da daɓen tayil, inda ƙarar faifayen ƙarfe ke dawowa da kaifi. Ka shimfiɗa darduma mai kauri a ƙarƙashin saitin, ka jingina katifu a bangon da ya fi kusa, ka kashe fanka, janareta kuma a nisanta shi. Kafin a fara, makaɗi ya ɗaure fatunsa su daidaita, a saka matashin kai cikin gangar ƙafa ya taɓa fatar kaɗan, kuma ka roƙe shi ya sassauta hannu a kan faifayen, domin a wannan tsari hannunsa ne ke daidaita sautin fiye da maɓallanka.

Wajen ɗauka, ka zaɓi bit 24 a manhajar ɗaukar sautin, wato ma'aunin ingancin ɗauka, ka sa makaɗi ya yi bugunsa mafi ƙarfi, ka rage ƙarfin shigar sauti har ƙololuwarsa ta tsaya wajen desibel 10 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar. Ku ɗauki gwaji na minti ɗaya, ku saurara tare, ka matsar da makirufo ɗaya a lokaci guda har sautin ya zauna, sannan a kira sauran makaɗan.