Tambaya da Amsa: Kuɗin Tallafin Gwamnati, Me Ke Hana Shi Zuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya rasu ya bar ni da yara biyar. Maƙwabtana sun samu tallafin Naira 25,000, ni ko sunana ba a ɗauka ba. Ina ake sayar da fom ɗin? Daga wata uwar marayu a Daura.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Hajiya, wannan tallafi ba shi da fom na sayarwa, duk wanda ya ce ki kawo kuɗin fom, damfarar ki zai yi. Daga rajistar marasa galihu ta ƙasa ake ɗauko sunaye. Ofishin NASSCO mai kula da shirye-shiryen tallafa wa marasa galihu a Abuja ne ke riƙe da ita, a jiha kuma ofishin gwamnatin jiha da ake kira SOCU ne ke tattara ta.

Yadda ake shiga: jami'ai kan zo unguwa su zauna da maza daban, mata daban, matasa daban. Jama'a da kansu ke faɗin me ake kira talauci a wurinsu, su lissafo gidajen da abin ya shafa. Sai masu ɗaukar bayanai su bi gida-gida suna tambayar yawan iyali, irin ginin gida, inda ake ɗebo ruwa, dabbobi, da yaran da ke makaranta. Da waɗannan amsoshi kwamfuta ke jera gidaje, mafi buƙata a gaba. Shi ya sa shiga rajista ba ya nufin za a biya mutum, ana iya tsayawa kafin a iso kansa.

Ki fara da mai unguwa, sannan ki je sakatariyar ƙaramar hukuma ki nemi jami'in karɓar koke na shirin. Ki tabbata an rubuta kokenki a takarda, kada ki tsaya a "za mu duba". Idan an ɗauki gidanku tun maigida na raye, gyaran bayanai kawai ake buƙata.

Tambaya: An biya ni sau ɗaya, daga nan shiru kake ji. Wani ya cinye ne? Daga wani magidanci a Ƙofar Sauri, Katsina.

Amsa: Malam, ci ba ya rasa faruwa, amma kafin ka zargi kowa duba takardunka. Shirin da aka ƙaddamar a Oktoban 2023 na Naira 25,000 ne sau uku, jimilla 75,000, ba albashi ba ne. An dakatar da shi a farkon 2024, da aka dawo kuma sai aka tsananta tantancewa da lambar NIN (ta shaidar ɗan ƙasa) ko BVN (ta banki). A nan mutanenmu da yawa suka faɗi.

Babbar matsalar ita ce suna. A rajista kana Mamman Sani, a katin ɗan ƙasa Muhammad Sani, a banki kuma Sani Muhammed. Mai unguwa ya san mutum ɗaya ne, na'ura ba ta sani ba. Mata sun fi shan wannan wahala, domin wata da sunan uba ta yi NIN, da sunan miji ta buɗe asusu, ga shi galibi uwargida ake rubutawa a matsayin mai karɓa. To tambayi iyalinka tukuna, wataƙila sunanta ne a ciki.

Danna *346# a layin da ka yi rajista da shi don ganin NIN, *565*0# don BVN (ana cire ɗan kuɗi kaɗan). Kwatanta suna da ranar haihuwa harafi-harafi. Gyaran NIN a hukumar katin ɗan ƙasa, wato NIMC, ake yi, na BVN a bankinka, kuma sukan nemi takardar rantsuwa daga kotu. Sai layin waya: in ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan sayar wa wani, saƙon shigar kuɗi ya riƙa zuwa can. Asusun da aka daɗe ba a taɓa ba shi ma barci yake yi, sai ka je banki an farkar da shi.

Tambaya: An kira ni an ce in turo lambar sirrin katina na banki a saka mini tallafi. Daga wata ɗaliba a Katsina.

Amsa: 'Yata, kashe wayar. Saka kuɗi a asusu ba ya buƙatar lambar sirri, cirewa ce ke buƙata. In kin riga kin bayar, je banki yau ɗin nan a rufe katin.