Ɗakin zaure zai zama masaukin 'yan sari: da me za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, gidana yana Fagge. Babban ɗana ya yi aure ya tashi, ɗakinsa da ke jikin zaure ya zauna ba kowa. Abokan cinikina masu zuwa sari daga Maraɗi, Damagaram da Njamena kullum suna kukan tsadar otal. Ina so in mayar da ɗakin wurin saukarsu, su riƙa biya. Na ware naira 600,000. Yara sun ce in sayi talabijin, kujeru da na'urar sanyaya ɗaki. Da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a auren yaro. Abin da kake shirin yi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, ita ce ta fatoma, mutumin da ke sauke fatake, ya adana musu kaya, ya haɗa su da masu saye da sayarwa. Kai kuma ka riga ka sami abin da ya fi wuya a harkar, wato baƙi da suka san ka, suka yarda da kai.

Shawarar yara a jingine ta tukuna. Wanda ya yini a mota tun daga Damagaram, ga kuɗin sari a jikinsa, yana so ya kulle ƙofa hankalinsa kwance, ya watsa ruwa, ya yi sallah, ya yi barci. Kuɗinka ya bi wannan jerin.

Fara da ƙofa da banɗaki. Idan sai baƙo ya ratsa tsakar gida kafin ya kewaya, to kai da iyalinka da shi duk za ku takura, kuma ba za a yi wata biyu ba uwargida za ta ce a daina. Tana da gaskiya. Ka fasa wa ɗakin ƙofa ta zaure ko ta waje, ka toshe wadda ta kalli cikin gida, ka yanki gefe ka yi ɗan banɗaki. Ko da rabin kuɗin nan zai tafi a nan, kada ka ji ciwo. A sa ƙofar ƙarfe mai sakata ta ciki, da akwatin ƙarfe da baƙo zai sa wa kwaɗonsa da kansa. Ka kuma tanadi lungu mai tsaro inda dila ɗaya ko biyu za su kwana kafin a kai su tasha.

Sai shimfiɗa. Kada ka bar tsohuwar katifar yaro. Sayi sabuwa mai tauri, da zanin gado aƙalla kala uku, domin ana wanke ɗaya ana shimfiɗa ɗaya. Kafin katifar ta shiga, a yi feshi, a liƙe tsagar bango, a shafa fenti. Kuɗin cizo ɗaya ya isa ya kai sunan gidanka har Njamena, domin 'yan sari mota ɗaya suke shiga, hira ɗaya suke yi. Taga ta sami raga, gado ya sami gidan sauro saboda damina, a ajiye bargo saboda hunturu.

Zafin Kano daga Maris zuwa Mayu yakan kai maki 40, amma na'urar sanyaya ɗaki ba ta da amfani idan an ɗauke wuta, janareta kuma zai cinye ribar a mai. Ƙaramin sola da zai ɗauki fanka, ƙwan fitila da cajin waya har asuba ya fi maka. Ga wani ƙaramin abu da ake mantawa: cajar da ake saye a Nijar, Chadi da Kamaru yawanci mai ƙafa biyu zagayayyu ce irin ta Faransa, soket ɗinmu kuma mai baki uku ne. Ajiye mahaɗi guda biyu a ɗakin. Haka buta, darduma, bokiti cike da ruwa, sabulu sabo, da 'yar alama a bango mai nuna alƙibla. Da safe filas na ruwan zafi da kayan shayi, ko koko da ƙosai daga cikin gida. Ni a ganina wannan karin kumallon shi zai sa a fifita ka a kan otal.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne kunya. Mun tashi da baƙonka annabinka, ga shi kuma mutanen nan abokan cinikinka ne. Wani zai kwana biyar ya yi maka godiya ya tafi, kai kuma bakinka ya yi nauyi. Ka faɗi kuɗin kwana tun a waya kafin ya taso, a naira, kuma idan da sefa zai biya ku tsayar da canji a ranar. Ka ɗora wani yaronka kan karɓar kuɗi da rubutawa a littafi dabam, kada ya cakuɗa da cinikin shago. Wanda kake so ka yi wa alheri saboda yawan sarinsa, ka yi masa da saninka, ka rubuta.

Ga misalin lissafi, ka sauya alƙaluman da naka. A ce kwana naira 10,000 ne, ɗakin ya sami baƙo kwana 12 a wata, ka tashi da 120,000. Cire 40,000 na wanki, ruwa, karin kumallo da ladan yaro, saura 80,000. Jarinka zai dawo cikin wata takwas. Kada ka yi lissafi da kwana 30, domin gab da azumi da sallah za a yi ta rububin ɗakin, bayan sallah kuma zai iya yin mako biyu a rufe.

Kafin baƙon farko, ka sanar da mai unguwa da maƙwabta. Duk wanda zai sauka a rubuta sunansa, garinsa da lambar wayarsa, a ga katin shaidarsa. A shekarar farko kada ka karɓi wanda ba ka sani ba sai wani amintaccenka ya tsaya masa, kuma a gaya wa kowa lokacin rufe zaure da cewa ba a shigo da wani mutum cikin ɗakin.

Idan an gama gyara, ka kwana a ɗakin da kanka dare ɗaya, ka yi wanka a banɗakin, ka ji ko hayaniyar titi ko ta cikin gida na shigowa, ka gyara abin da ya dame ka. Talabijin kuma a saye ta daga ribar wata na tara, idan baƙin sun tambaya.