Ƙarfe Nawa Ne a Ƙuryar Duniya?

Tambaya: Malam, a darasin labarin ƙasa an koya mana cewa ana raba lokacin ƙasashe ne bisa layukan da aka ja a taswira daga arewa zuwa kudu. Da na duba sai na ga duk layukan sun haɗe wuri guda a ƙuryar arewa da ta kudu. To wanda ke tsaye a wurin, da wane lokaci zai saita agogonsa? (Daga wata ɗalibar sakandare)

Amsa: Ɗiyata, Allah ya ƙara basira, kin lura da abin da manya da yawa ba sa lura da shi. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, kuma tun taron da aka yi a Washinton a 1884 aka amince a fara ƙirga daga layin Girinwich na Ingila. A layin ikweta, wanda ya raba duniya gida biyu arewa da kudu, faɗin yankin awa guda ya kai kilomita 1,670. Amma kina matsawa arewa ko kudu yana ta tsukewa, har layukan su haɗu kamar wayoyin ƙafar keke a cibiya. Wanda ya kewaya wannan cibiya da ƴan taku kaɗan ya ratsa yankuna 24 ke nan.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rana. Asalin ƙarfe sha biyu shi ne lokacin da rana ta kai tsaka. A ƙuryar kudu babu wannan. Rana tana fitowa sau ɗaya a shekara, wajen ƙarshen Satumba, sannan ta yi ta zagaya sararin sama a gefe-gefe ba ta faɗi ba, tana ɗagawa kaɗan-kaɗan har ta kai kusan digiri 23.5 a Disamba. Daga nan ta fara sauka, sai a Maris take faɗuwa. Inuwar mutum tana kewaya shi sau ɗaya cikin awa 24, tsawonta kusan bai canja ba. Babu hantsi, babu la'asar, don haka sama ba ta gaya wa kowa ƙarfe nawa ne. Mutane ne suke zaɓa.

Kuma ni a ganina zaɓin da suka yi na hankali ne: suna bin agogon inda kayansu ke fitowa. Tashar binciken Amurka mai suna Amundsen-Scott, wadda ke daidai ƙuryar kudu, lokacin Niyu Zilan take bi, domin jiragen saman da ke kai mata mutane da kaya daga birnin Kiraiscoc na ƙasar ake tasowa, a yada zango a tashar McMurdo da ke gaɓar nahiyar Antatika. Wato awa 12 gaba da Girinwich, ko 13 idan Niyu Zilan ta tura agogonta gaba a bazararta. Matuƙin jirgi da masu jiransa a kan ƙanƙara dole agogonsu ya zo ɗaya, wannan batu ne na rai. Tashar Palmer da ke wata gaɓar Antatika kuwa, duk da ita ma ta Amurka ce, lokacin kudancin Cile take bi, don daga can jirgin ruwanta ke zuwa.

Ƙuryar arewa ta fi sauƙin bayani. Ba ƙasa ba ce, teku ne mai zurfin kusan mita 4,000, da ƙanƙara a kansa tana yawo. Babu mazauni na dindindin, babu hukumar da ta tsayar da lokaci. Jirgin ruwan da ya isa can yana iya riƙe lokacin ƙasarsa, ko na tashar da ya baro, ko wanda kyaftin ya ga ya fi dacewa da aiki da barcin mutanensa. Sakamakon awo kuwa, masana galibi da lokacin bai-ɗaya na duniya, UTC, suke rubuta shi, don a iya gwama shi da na sauran tashoshi.