Dogon furen da ka gani a bayana a hoton Sallah

Ƙanena,

Saƙonka ya iso, ina fata su Inna da sauran mutanen gida suna lafiya. Ka ce ka kammala difloma a kwalejin aikin lambu ta tarayya da ke Dadin Kowa, kana son zuwa Ingila ƙaro karatu, sannan ka tambayi sunan dogon furen nan mai launin shunayya da ke bayana a hoton Sallah, da ko zan aiko maka da irinsa. Zan fara da furen, don ta kansa na fi iya nuna maka yadda aikin yake a nan.

Sunansa Verbena bonariensis. Asalinsa Kudancin Amurka ne, kuma daga birnin Buenos Aires na Ajantina sunan ya fito. Ya kusa shekara 300 a lambunan Ingila, amma har gobe yana cikin abin da muka fi sayarwa a gidan renon tsirran da nake aiki a yankin Essex da ke kudu maso gabashin Ingila. Tsayinsa yakan kai mita ɗaya da rabi, wani ma ya doshi biyu. Karansa siriri ne mai kusurwa huɗu, in ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji kaushi kamar harshen kyanwa. Ganyensa kaɗan ne, yawanci can ƙasa, shi ya sa ko an dasa shi a gaban wasu furanni ba ya tare su, ta tsakanin karansa kake hango na baya. Daga tsakiyar bazararsu har cikin Oktoba yana fure, malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma ba sa barin kansa.

Shuka ce irin ta gamba: saman ya bushe, gindin ya sake tohowa baɗi. Sai dai ba ta da tsawon rai, shekara biyu zuwa uku gindi yake yi ya gaji. Abin da ke riƙe ta a lambu shi ne irin da take zubarwa da kanta.

A nan ne na sha kunyata ta farko. Shekarar da na fara aiki aka ba ni kula da wani dogon kwami a bakin ƙofar shiga. Da Nuwamba ta yi, furen ya bushe ya zama kara, sai na tuna yadda muke sharar gona, na ɗauki almakashin lambu na datse shi kakaf har ƙasa, na kwashe a baro, wurin ya yi fes. Ina jiran a yaba mini. Matar da ke shugabantarmu, wadda ta haura shekara sittin, ta zo ta tsaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mu haɗu a nan a watan Afrilu. Da Afrilu ta zo, fiye da rabin gindin ya ruɓe. Ashe busasshen karan nan shi ne bargon da ke kare gindin daga sanyi, kuma tsuntsaye suna cin irin da ke kansa duk tsawon hunturu. Ba a yanke shi sai an ga sabon toho ya leƙo daga ƙasa. Ban gama farfaɗowa daga wannan ba, a watan Mayu na sa fartanya na nome wasu ƙananan tsirrai da suka cika tsakuwar hanya, ina zaton ciyawa ce. 'Ya'yansa ne, waɗanda da su za a maye gurbin waɗanda na kashe.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ruwa. Mu da muka tashi muna duban gabas muna jiran hadari, a wurinmu ƙishirwa ce ke kashe shuka. Wannan kuwa in ya kafu yana jure fari sosai, jiƙa ce ajalinsa. Wani abin mamaki, ruwan da ke sauka a Essex a shekara bai kai na Kano ba. Amma na Kano cikin wata huɗu yake zuba, rana ta fito ta shanye shi. Na nan yayyafi ne da ba ya ƙarewa, a lokacin da babu ranar da za ta busar da ƙasa, ga ƙasar tamu yumɓu ce mai riƙe ruwa kamar tukunya. Furen yana iya jure sanyin da ya kai digiri 10 ƙasa da sifili in saiwarsa a bushe take, amma a cikin taɓo ko rabin haka ba ya kaiwa. Don haka muke cakuɗa tsakuwa a ramin dashe, mu zaɓar masa inda rana ta fi bugawa, kuma ba ma cika masa taki, don in ya ƙoshi sai ya yi ganye ya kwanta.

Irinsa ƙanana ne ƙwarai. Daga Fabrairu zuwa Afrilu muke yafa shi a saman ƙasar tire a ɗakin gilashi, ba a binne shi da zurfi, kuma ba ya fitowa tare: wani mako biyu, wani sai ya fi wata. Sabon ma'aikaci yakan zubar da tiren yana cewa irin ya mutu. A ƙarshen bazara kuma mukan yanki reshe mu kafa, kamar yadda ake yi wa rogo, mu ajiye a ciki saboda ko hunturu zai yi tsanani. Wanda ke son gajere sai mu ba shi nau'in da ake kira Lollipop, wanda bai cika wuce santimita 60 ba.

To, batun zuwanka. Hannunka na noma zai yi maka rana, ban taɓa ganin wanda ya fi ɗan gona saurin dashe ba. Kalandar da ke kanka ce za ka ajiye ka koyi wata. Ka kuma sani hoton da ka gani na watan Yuni ne. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, azahar da la'asar da magariba duk a wurin aiki suke riskarka, yatsunka sun ƙage kana wanke tukwanen roba da ruwan sanyi. Yawancin masu farawa a kan mafi ƙarancin albashi suke, wanda a Afrilun 2025 ya zama fam 12.21 a awa ga wanda ya kai shekara 21. In ka juya shi zuwa naira za ka ga kuɗi, in ka cire hayar ɗaki sai jikinka ya yi sanyi. Ɗalibin digiri kuma awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kada wani ya ce maka da wannan za ka biya kuɗin makaranta.

Makarantu akwai. Kusa da mu akwai kwalejin Writtle, wadda ta haɗe da Jami'ar Anglia Ruskin a 2024. Akwai diflomar shekara uku ta lambun Kew, ga kuma lambun Wisley na RHS, babbar ƙungiyar aikin lambu ta Birtaniya, wadda takardunta ke da daraja a wurin masu ɗaukar aiki. Amma ba kowane kwas ne ke ba da bizar karatu ba, sai makarantar tana da lasisin ɗaukar nauyin ɗaliban waje, don haka wannan za ka fara tambaya kafin ka biya ko sisi. Akwai kuma bizar aikin gona ta wata shida. Wannan tsinkar 'ya'yan itace da kayan lambu ce, wata shida na cika ka koma gida. Duk dillalin da ya ce maka ta nan ake zama, kuɗinka yake so.

Iri kuwa, ka yi haƙuri, ba zan sa shi a ambulan ba. Shigar da iri Najeriya yana buƙatar izinin NAQS, hukumar da ke tantance tsirrai da kayan gona masu shigowa ƙasa, sannan shi kansa furen ba shi da kunya inda babu sanyin da zai taka masa birki. A Afirka ta Kudu yana cikin jerin tsirrai masu mamaye ƙasa da doka ta ce a kawar, a Ostareliya ma ya zama ciyawar bakin hanya. Ɗan'uwan lantana ne, ka kuwa san yadda ita take cinye fili in ta samu wuri. A Jos, inda ka ce kana son gwadawa, ina jin da ya shiga fadama sai ya fi ƙarfinka.

Ka turo mini hoton sakamakonka da jerin darussan da kuka yi, zan nuna wa shugabar tamu ta faɗa mana matakin da ya dace ka nema. Ka gaishe da Inna, ka ce mata kuka da daddawar da ta aiko sun iso lafiya.

Yayanka.