Tambaya da Amsa: Ina so in fara rubutu a Wikipedia ta Hausa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Zariya, kuma kwanan nan na buɗe asusu a Wikipedia ta Hausa. Burina shi ne in fara da tarihin kakana, wanda ya shafe rayuwarsa yana karantar da almajirai a ƙauyenmu, amma wata ƙawata ta ce da wuya muƙalar ta kwana ba a goge ta ba, alhali babu ƙarya ko ɗaya a abin da zan rubuta. Shin gaskiya ta faɗa, kuma ta ina ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ƙawarki tana da gaskiya, ko da yake dalilin ba ya rasa ɗaci ga wanda ya san darajar malaman zaure. Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka buɗe Wikipedia a ranar 15 ga Janairun 2001, kuma ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojinta ita ce duk abin da aka rubuta sai mai karatu ya iya bin sawunsa zuwa wani littafi, jarida, mujalla ko binciken masana da aka riga aka wallafa. Mai karatu a Damagaram ko Kumasi bai san ki ba, bai san kakanki ba, saboda haka ba shi da hanyar tantance abin da kika ji daga bakin mahaifinki, komai ingancinsa. Akwai kuma sharaɗin shahara, wato sai majiyoyi masu zaman kansu sun yi magana a kan mutum da ɗan faɗi kafin a keɓe masa muƙala. Ƙari a kan haka, ba a son edita ya rubuta tarihin kansa, ko na danginsa, ko na wurin aikinsa, domin da wuya alƙalami ya tsaya tsakiya idan jini ya shiga.

Ni kaina ina ganin wannan ƙa'ida tana tauye al'ummomi irin tamu, waɗanda yawancin tarihinsu yake a ƙirjin dattawa, amma maganin abin shi ne ki tattara tarihin kakan naki ki nemi a buga shi a jarida ko a ƙaramin littafi, ko ki mai da shi kundin kammala karatu, sa'an nan wata rana wani editan ya same shi ya dogara da shi.

Game da inda za ki fara kuwa, shawarata ita ce ki ɗauki makonni kina gyaran muƙalolin da suke akwai kafin ki ƙirƙiri sabuwa. Da yawa daga cikinsu suna buƙatar a mayar musu da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, domin kafa daban take da ƙafa, wasu kuma suna buƙatar a raba kalmomin da aka haɗe ko a ƙara musu manazarta, wato majiyoyin da aka dogara da su. Kada tsoron ɓata shafi ya hana ki taɓawa, tunda kowane shafi yana ajiye tarihin gyare-gyarensa kuma ana iya mayar da shi yadda yake. Idan kin tashi rubuta sabuwar muƙala, ki fara tsara ta a shafin gwaji na asusunki, ki zaɓi batun da majiyoyi suka wadata a kansa, kamar Dutsen Dala ko bikin kamun kifi na Argungu, ki bar kirari da yabo irin su "gwarzo" da "shahararre", ki faɗi abin da mutum ya yi da shekarar da ya yi shi.

Abubuwa biyu ne suka fi jefa sababbin editoci cikin matsala. Na farko shi ne kwafo rubutu ko hoto daga wasu shafuka, wanda keta haƙƙin mallaka ne. Hoton da kika ɗauka da wayarki za ki iya ɗora shi a Wikimedia Commons, wato rumbun hotunan da Wikipedia take amfani da su, da sanin cewa kin ba kowa izinin amfani da shi muddin ya bi sharuɗɗan lasisin da kika zaɓa, kamar ambaton sunanki. Na biyu shi ne liƙa fassarar na'ura ba tare da an bi ta jimla bayan jimla ba, abin da yake haifar da rubutun da kalmominsa Hausa ne amma Bahaushe ba ya gane shi.

Idan wani edita ya soke gyaranki, kada ki yi ta mayarwa yana sokewa. Ki je shafin tattaunawa na muƙalar, ki yi sallama, ki kawo hujjarki, sa'an nan ki saurari tasa, domin shi ma ɗan sa-kai ne kamar ki, kuma sau da yawa tsofaffin editoci sukan nuna wa sabon shiga majiyar da ta fi wadda ya kawo ƙarfi.